Admiral Murtala Nyako: shekara talatin a ruwa, mu kuwa mangwaro da siyasa muka riƙe

Ɗan Obalende: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga tambaya, amma don Allah kada kowa ya leƙa Google. Wane ne ɗan Arewa na farko da ya zama Babban Hafsan Sojojin Ruwan Najeriya? Na jefa wa samarin majalisarmu ita, mutanen da kusan kullum sai sun wuce ta ƙofar barikin sojan ruwa a Apapa, babu wanda ya ci. Da na ce Murtala Nyako ne sai suka kwashe da dariya, wai Baba Mai Mangwaro? Mutum ya shiga aikin nan a 1963, bai tuɓe kaki ba sai 1993. Ni a ganina siyasa ce ta cinye masa suna. Da ya yi zamansa a gona bayan ritaya, da yau da wani ido dabam ake kallonsa.

Direban Apapa: Wa alaikumus salam. Alhaji ni ma da ni ka tambaya, Awwal Gambo zan ce maka, ɗan Kano.

Malamin Agege: Gambo ai na jiya-jiya ne, Buhari ya naɗa shi a Janairun 2021, ya sauka a 2023. Nyako ya hau kujerar a Janairun 1990, zamanin Babangida. Ku duba waɗanda suka gabace shi: Wey, Soroh, Adelanwa, Aduwo, Aikhomu, Koshoni. Duk mutanen Kudu ne. Saboda haka Alhaji ya yi daidai.

Baffan Oko-Oba: Ya yi daidai a tambaya, amma ban yarda da ƙarshen maganarsa ba. Alhaji, ka ce siyasa ta cinye masa suna kamar wani ne ya ɗaure shi ya kai shi. Da ƙafarsa ya je. Ni ɗan Adamawa ne, mu aka mulka. Ku da kuke Legas farin kaki kuke tunawa, mu kuma gwamna muka sani, kuma da aikin gwamna za mu auna shi.

Ɗan Obalende: Baffa a yi haƙuri, ba mu kai nan ba tukuna. Bari mu fara da ruwan.

Ɗalibin Akoka: Ni abin da ke ɗaure mini kai, me ya kai ɗan Mayo-Belwa aikin teku a 1963? Lokacin ai samarin Arewa sojan ƙasa suke shiga, su Buhari da Babangida duk a 1962 suka shiga makarantar soja ta Kaduna.

Malamin Agege: Ka tuna rundunar kanta jaririya ce a lokacin. A 1956 aka kafa ta, daga tsohuwar ma'aikatar kula da jiragen ruwa ta Turawa. Har zuwa 1964 Bature ke shugabancinta, sannan aka ba Wey. Suna neman hafsoshi 'yan ƙasa ruwa a jallo, gwamnatin Sardauna kuma tana ta tura yaran sakandare su shiga soja don kada a bar Arewa a baya. NDA ma, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, sai 1964 aka buɗe ta, shi ya sa su Nyako Ingila aka kai su, kwalejin sojan ruwa ta Dartmouth. Ya zama hafsa a 1965. Shekara biyu bayan nan yaƙin basasa ya ɓarke, kuma sojan ruwa ne suka datse wa Biyafara hanyar teku, suka sauke dakaru a Bonny a Yulin 1967, sannan Kalaba a Oktoba. A cikin wannan wutar 'yan ajinsa suka koyi aiki.

Admin: Ina Baba Nebi? Yau ranarka ce, ka yi shiru.

Baba Nebi: Ina nan 'ya'yana, ina karantawa. Jikana ke buga mini, ni ido ya yi rauni, don haka in kun ga kuskure nasa ne.

Ni ƙaramin soja ne, ban yi hafsa ba. Irinmu ba ma zama da babban hafsa, sai dai mu hango shi ranar fareti muna tsaye ƙiƙam rana na dukanmu. Amma tunda kuna maganar shekara talatin kamar abin wasa, bari in ba ku kaɗan daga abin da ke cikinta.

Duk wanda ya hau kwale-kwale daga Apapa zuwa Marina yana cewa ya shiga ruwa. Bai shiga ba. Ruwa yana farawa ne in jirgi ya wuce dogayen katangun duwatsun nan biyu da ke bakin tashar Legas. Nan za ka ga launin ruwan ya sauya, jirgin ya fara ɗaga kai yana saukewa, yana kuma jirkicewa dama da hagu a lokaci guda. Sabon shiga bai fi rabin awa yake yi ba sai amai. Kuma ba a ɗaga maka ƙafa, da bokitinka a gefe za ka tsaya gadinka na awa huɗu. Manya su ce ka tauna busasshen burodi, ka riƙa kallon nesa inda sama ta haɗu da ruwa, kada ka kalli ƙafarka. Wannan bai bar hafsa ba, bai bar kurtu ba. Ɗan Fulanin da ya tashi a gindin duwatsun Adamawa, sai da ya bi ta nan kafin a ba shi ko da ƙaramin jirgin sintiri.

Sannan tsatsa. Gishirin teku ba ya barci. Kullum guduma tana hannu, ka ƙwanƙwashe, ka kankare, ka shafa jan fenti, ya bushe, ka bi da ruwan toka. Ka gama gaba, baya ya sake tsatsa. Ruwan wanka da awo ake ba mu. Salla kuwa, sai ka aika a tambayo wanda ke ɗakin tuƙi ina gabas take yanzu, kana raka'a ta biyu jirgi ya juya. Malamanmu suka ce ku yi abinku, Allah Ya gani.

Hajiyar Mil 12: Ikon Allah. Baba sannu da ƙoƙari. Mu da muke ganinku fes-fes cikin fararen kaya mun ɗauka aikin 'yan gayu ne.

Baba Nebi: Hajiya farin na ranar biki ne. Na aiki shuɗi ne, duk baƙin mai.

Ɗalibin Akoka: To Baba ya aka yi mai aikin jirgi ya koma gwamnan Neja? Neja ko teku babu.

Malamin Agege: Bari in taya Baba. Mulkin soja ne, ana raba kujerun gwamna tsakanin sojan ƙasa, na ruwa da na sama. Janar Murtala ya ƙirƙiro sababbin jihohi ranar 3 ga Fabrairun 1976, aka yanko Neja daga Jihar Arewa maso Yamma, kwana goma bayan nan aka kashe shi a nan Legas. Nyako ne gwamnan Neja na farko, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya riƙe har ƙarshen 1977. Wanda ya gaje shi a Minna ma sojan ruwa ne, Ebitu Ukiwe, wanda daga can aka dawo da shi ya yi gwamnan Legas. Kai, Legas ɗin nan da muke zaune sojan ruwa huɗu suka mulke ta: Adekunle Lawal, Ndubuisi Kanu, Ukiwe, sai Mike Akhigbe a 1986.

Baffan Oko-Oba: Yauwa Malam, ka taimake ni. Ke nan ba a 2007 ya fara ɗanɗana kujerar gwamna ba. Wanda ya sha zuma tun yana saurayi ba ya mantawa.

Ɗan Obalende: Haba Baffa. An tura shi ne, ya yi, ya koma jirgi ya ƙara shekara goma sha shida. Mai kwaɗayin mulki ba ya haka. Kuma lokacin da ya hau babbar kujerar ba lokacin jin daɗi ba ne. Wata uku da hawansa aka yi yunƙurin juyin mulkin Manjo Gideon Orkar. Wannan ba labari aka ba ni ba. Lahadi ce, 22 ga Afrilun 1990, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Mun tashi sahur muka ji ƙasa na girgiza daga wajen barikin Dodan, mu a Obalende katanga ce kawai tsakaninmu. Mahaifiyata ta tura mu ƙarƙashin gado, tukunyar sahur na kan risho ba wanda ya koma ta kanta. Da gari ya waye aka buɗe rediyo, sai ga mutum yana cewa an cire Sakkwato, Barno, Katsina, Kano da Bauchi daga Najeriya. Ka san halin da Bahaushen Legas ya shiga a wannan safiya? Wasu har sun fara ɗaure kaya. Sai da rana ta yi muka ji muryar Abacha yana cewa an murƙushe su.

Direban Apapa: Baffa ku kun tsira ke nan, ba a lissafa da ku ba.

Baffan Oko-Oba: Lokacin Gongola muke, ba a raba mu da Taraba ba sai 1991. Mun tsira a rediyo, amma a titin Legas wa zai tsaya tambayar ka jiharka? Hula kawai za a duba.

Baba Nebi: Shekarar nan ba mu huta ba. Ana gama wannan sai ga Laberiya. Mutane suna tuna ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da sojan ƙasa, su Dogonyaro, amma wa ya kai su? Ta ruwa aka shiga Monrobiya ranar 24 ga Agustan 1990, daga Firitawun, 'yan tawayen Charles Taylor suna harbi. Jirginmu Ambe, mai buɗe baki ya sauke motoci da dakaru, yana cikin waɗanda suka yi jigilar. Na ga lodin da aka riƙa yi a Apapa da idona: buhunan shinkafa, akwatunan harsashi, motocin yaƙi, dare da rana. In jiragen suka juyo kuma da 'yan gudun hijira suke dawowa, mata da yara, wasu ko takalmi babu. Duk wannan a zamanin Nyako aka yi shi.

Ɗalibin Akoka: Baba da girmanka, amma ina da ja. Abin da na karanta shi ne a daidai shekarun nan ne jiragen yaƙinmu suka fara zama a bakin tasha ba sa motsi. In za a ba shi yabon Laberiya, sai a ba shi laifin wannan ma. Shugaba ai ba ya zaɓar wanda zai ɗauka.

Baba Nebi: Yaro ka yi tambaya mai kyau, amma ka saurara. Jiragen nan an saye su ne lokacin da kuɗin mai ke zuba, ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Babban jirgin yaƙi Aradu daga Hambug ta Jamus, ya fara aiki a 1982, tsawonsa ya kai mita 125, lokacin babu kamarsa a Afirka ta Yamma. Masu harba makami mai linzami guda shida, uku daga Jamus, uku daga Faransa. Wasu daga Ingila. Masu share nakiya biyu daga Italiya. Ka ga ƙasa huɗu ke nan, kowane da irin injinsa, kowane da irin kayan gyaransa, ba mai shiga na wani. Sai aka zo 1986 aka karya darajar naira. Abin da za ka sa a inji da kuɗin waje ake sayensa. Ka rubuta takardar neman kaya, kafin kuɗi su fito farashi ya ninka. Daga nan aka fara ciro na wannan jirgi a sa wa wancan, yau ka kwance famfo, gobe ka kwance janareto, har wanda ake cirowa ya zama kwarangwal. Wannan ciwo ya riga Nyako zuwa, ya kuma daɗe bayan tafiyarsa. Shekara biyu ya yi a kujerar, 1990 zuwa 1992.

Ɗalibin Akoka: Amma yana cikin majalisar mulkin soja, inda ake yanka kasafi. Kuma Aikhomu, sojan ruwa ɗan'uwansa, shi ne na biyu a ƙasar. In a lokacin ba su samo wa rundunar kuɗi ba, sai yaushe?

Malamin Agege: Nan kam ɗalibi ya kama wani abu. Sai dai ka sani, a mulkin soja mai tankar yaƙi shi ke da murya. Jirgin ruwa ba ya hana juyin mulki, ba ya kuma yin sa. Shugaban da ya kwana da tsoron Orkar, in kuɗi suka zo, ina kake jin zai fara kaiwa? Ga kuma ƙaura zuwa Abuja a Disambar 1991 da ta lashe abin da ta lashe.

Baba Nebi: Malam ya gama magana.

Ɗalibin Akoka: Na ji, amma ban gamsu duka ba.

Hajiyar Mil 12: Ku bar ni in shigo da nawa fannin, tunda kun raina mangwaro. Alhaji Ɗan Obalende, ka ce samari sun yi dariya da aka ce Baba Mai Mangwaro, kamar sunan abin kunya ne. Ni da nake sauke kaya a kasuwar nan na san abin da ake nufi. Mota ta taso daga Arewa ta kwana uku a hanya, a buɗe, wani kaso na kayan ya zama ruwa, ƙudaje sun rufe, mai kaya yana share hawaye. Wannan tsakanin Najeriya da Najeriya ke nan. Shi kuwa daga gonarsa ta Sebore a Mayo-Belwa har Turai ya riƙa kai mangwaro, inda tabo ɗaya ya isa a mayar maka da kaya. Ya yi kiwon shanun madara, ya shugabanci ƙungiyar manoma ta ƙasa. Manyan sojoji nawa ne suka yi ritaya suka tare a Ikoyi da Abuja suna jiran kwangila? Shi ya koma ƙauyensu.

Ɗan Obalende: Hajiya ai maganata kika ƙarfafa. Sojan ruwa, sannan manomi. Da nan labarin ya tsaya!

Baffan Oko-Oba: To bai tsaya ba, sai ku bari mu faɗi sauran. An zaɓe shi a 2007 a PDP. Kotu ta soke zaɓen a 2008, aka sake, ya ci. A Janairun 2012 Kotun Ƙoli ta sauke shi tare da gwamnoni huɗu kan batun wa'adi, ya sake tsayawa ya ci. Rigima da Bamanga Tukur, shugaban PDP na ƙasa a lokacin, kan wa ke riƙe da jam'iyya a jiha. Sannan ficewa zuwa APC a Nuwambar 2013 tare da su Kwankwaso, Wamakko, Amaechi da Abdulfatah Ahmed. Shekara bakwai, rabinta a kotu da rikicin jam'iyya. 'Yan adawa a gida kuma suna ta kukan cewa gwamnati ta koma ta dangi da abokai. Ƙarshenta majalisa ta tsige shi ranar 15 ga Yulin 2014. Wannan duk ba ƙage ba ne.

Malamin Agege: Ba ƙage ba ne, amma ka tsaya a tsakiyar hanya. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tsigewar ba ta bi ƙa'ida ba, Kotun Ƙoli ta tabbatar a ƙarshen shekarar, sai dai ta ƙi mayar da shi kujera. Wa'adin ma ya riga ya wuce.

Baffan Oko-Oba: Kotu ta ce ba a bi hanya ba, ba ta ce ya yi aiki ba. Kuma EFCC ta gurfanar da shi a 2015.

Admin: Baffa a kiyaye. Tuhuma dabam, hukunci dabam. Mu tsaya kan abin da kotu ta yanke.

Ɗan Obalende: Ni tambayata, me ya sa sai a 2014 majalisar ta farka? Mutumin nan a watan Afrilu ya rubuta wa gwamnonin Arewa wasiƙa yana zargin gwamnatin Jonathan da kisan ƙare dangi a Arewa da sunan yaƙi da Boko Haram. Wata uku bayan nan aka tsige shi. Lissafin ba wuya.

Ɗalibin Akoka: Wasiƙar nan ni ina ganin ta yi zafi da yawa ga wanda ya taɓa riƙe runduna guda. Sojojin da ake kashewa a daji a lokacin ai 'ya'yan gidansa ne.

Baba Nebi: Mu tsofaffin soja ma mun rabu biyu a kanta. Wasu suka ce ya faɗi abin da ke ran mutane lokacin da kowa ya kama bakinsa, jiharsa na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2013. Wasu suka ce Admiral ba ya magana haka a bainar jama'a, akwai ƙofar da zai bi. Ni ina cikin na biyun, amma ban daina sara masa ba. Abin da na lura da shi, a jirgi in kyaftin ya ce a juya dama, juyawa ake yi, ba a kaɗa ƙuri'a. Wanda ya shekara talatin a haka, ka haɗa shi da 'yan majalisa da 'yan jam'iyya masu son a zauna a lallashe su, dole a ji ƙara.

Baffan Oko-Oba: Baba wannan ita ce magana mafi gaskiya da aka yi yau. Shi ya sa na ce shi ya kai kansa.

Ɗan Obalende: Shi ya sa ni kuma na ce da bai je ba. Baffa ashe tun ɗazu hanya ɗaya muke bi.

Baffan Oko-Oba: A'a Alhaji. Kai kana jin tausayin sunansa, ni ina jin tausayin jiha.

Maman Sadik: Salamu alaikum iyayena da yayyena, ku gafarce ni zan karkatar da zancen. Yarona na fari ya gama sakandare a nan Idi-Araba, ya nace shi sai sojan ruwa. Babansa ya ce aikin mutanen Kudu ne, ba za a bar ɗan Arewa ya yi gaba ba. Ni kuma tsorona ko iyo bai iya ba. Baba Nebi me za ka ce?

Baba Nebi: 'Yata ki karanta wa maigidan abin da aka rubuta a sama. Ɗan Mayo-Belwa ya riƙe rundunar, ɗan Kano ya riƙe ta. Ɗan Nyako ma, Abdul'aziz, sojan ruwa ya yi kafin ya je Majalisar Dattawa a 2015. Yanzu kuma aikin ba a teku kaɗai yake ba, akwai sansani a Lakwaja, akwai a Baga bakin Tafkin Chadi. Iyo kuwa ana koyarwa, ni ma a can na koya, na sha ruwa na ƙoshi.

Hanya uku ce. In sakamakonsa ya yi kyau, musamman lissafi da Turanci, ya nemi NDA a Kaduna ya fito hafsa. In bai samu ba akwai shiga a matsayin kurtu, horon a Onne ake yi, jihar Ribas. Ko ya yi jami'a tukuna ya shigo ta gajeren kwas na masu digiri. Ni da za a bi tawa, ya fara gwada ta farkon.

Direban Apapa: Ki kuma yi hattara da masu cewa suna da hanya a ciki, a kawo kuɗi. Wani maƙwabcina ya sayar da babur ɗinsa ya ba wani mutum, har yau wayar a kashe take.

Malamin Agege: Kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma ta asali, ku nemo ta tun yanzu daga gida. Da jiha ake raba gurabe, yaranmu haifaffun Legas nan suke yawan maƙalewa.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Takardar kam babu, sai babansa ya je Katsina.

Baba Nebi: To ya hanzarta. Yaron kuma ki turo mini shi Ojo ranar Asabar bayan asuba, ya zo da takalmin gudu. In ga numfashinsa tukuna kafin mu yi maganar iyo.